Faifai bai mutu ba, kullum ina ganin masu shi a rumfata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ce wani abu game da rubutun da kuka buga kwanakin baya kan yadda ake sauraren waƙa a wannan zamani. Marubucin ya ce kwanan faifai da kaset ya ƙare, duk waƙar da mutum ke so tana nan cikin intanet, waɗanda kuma suka ƙi sakin tsofaffin kayan nan ƙin ci gaba ne kawai ke damunsu. Ɗana ne ya buɗe mini rubutun a wayarsa bayan sallar isha'i muna zaune ƙofar gida. Na karanta shi sau biyu, na mayar masa da wayar, amma maganar ta ƙi barin raina har na kwanta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni mai gyaran rediyo da rakoda ne a nan Maradi. Mahaifina ya damƙa ni hannun maigidana, Allah ya jiƙansu duka, a 1982, ina ɗan shekara goma sha shida. A shekarar ce kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan CD, amma mu nan sai da aka yi shekaru masu yawa kafin mu riƙe shi a hannu. Abin da na buɗe ido na tarar a kan teburin maigidana kaset ne, da rediyo mai batir, da ɗaiɗaikun injinan faifai na alhazan da suka yi kuɗi da gyaɗa. Daga wannan tebur na ci, na yi aure, na aurar. Saboda haka in na yi magana a kan wannan abu, ba labari aka ba ni ba.

Gaskiyar marubucinku zan fara ba shi. Kasuwa ta ja baya ƙwarai. Rumfunan masu kaset da a da ke cika babbar kasuwa da amo ranar Litinin da Juma'a, kowa na ƙure lasifikarsa don ya danne ta maƙwabcinsa, yau yawancinsu caja da murfin waya suke sayarwa, ko su zauna da kwamfuta suna tura wa mutane waƙa a memori. Ni kaina rabin abin da nake kaiwa gida yanzu daga gyaran bakin cajin salula ne da 'yan akwatunan Bluetooth. Ban musa wannan ba. Sai dai har yau mako ba ya fita ba a ajiye mini rakoda ko injin CD a kan tebur ba, kuma na san fuskokin masu kawo su, na san abin da ke kawo su. Da marubucin ya yi wuni ɗaya a kan bencina, da ya sassauta alƙalaminsa.

Bari in ba ka labarin mutum ɗaya. Wata Juma'a cikin hunturun bara, wata dattijuwa ta sauka daga kabu-kabu a gaban rumfata, ta taho tun daga Tibiri. Tana rungume da rakoda naɗe cikin zane kamar jariri. Bayan mun gaisa ta kwance bakin mayafinta ta fito da kaset ɗaya, zarensa ya fito waje ya cukurkuɗe, wani wuri ya tattare kamar an tauna. Na ce, "Hajiya, rakodar ce ta ci shi?" Ta ce, "Ita ta, Malam. Shekaranjiya da dare. Tun sannan abinci bai shiga bakina ba. In kana iyawa ka taimake ni, in ba ka iyawa kak ka taɓa shi."

Na kwance kusoshi biyar ɗin da ke riƙe da kaset ɗin, na buɗe shi a kan farin ƙyalle don kada wani abu ya faɗi ya ɓace. Na bi zaren a hankali da bayan farce ina miƙar da shi. Wurin da ya lalace sosai bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Zaren kaset kusan santimita 5 yake tafiya a daƙiƙa, don haka na san abin da za ta rasa ba zai wuce daƙiƙa biyu ba. Na yanke wurin da reza a karkace, na haɗa bakin biyu da siririn salatif ta baya, na naɗe da biro. Laifin na rakodar ne: ƙaramar tayar roba da ke matse zare ta bushe ta yi santsi, ga dattin shekaru ya daskare a kan ƙarfen da ke karanta sauti. Na sauya tayar da wata da na cire daga matacciyar rakoda, na goge kan da auduga da ɗan alkol. Sannan na sa kaset ɗin na danna.

Kiɗan ƙwarya ne da muryar wata zabiya, an ɗauka ranar sunan ɗanta na fari. Zabiyar na kiran dangi ɗaya bayan ɗaya, uwar mai jego, kakanni, gwaggwanni, mata na guɗa a baya, har kukan akuya ana ji. Can tsakiya sai wani namiji ya yi tari kusa da rakodar, ya ce a matsa wa baƙi su zauna. Hajiya ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Ta ce, "Ka ji shi nan. Alhaji na. Shekara tara ke nan da rasuwatai." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Yaron shagona da ke ta surutu ya yi tsit, ni ma na sunkuyar da kai ina jujjuya sukudireba a hannu har waƙar ta kai ƙarshe.

Na ce mata zan juye mata shi a memori don ko gaba. Ta yarda, amma ta ce in ba ta kaset ɗinta a hannu kafin ta tashi. Ta nuna mini takardar da ke manne a jikinsa, an rubuta sunan yaron da ajami da shuɗin biro. Ta ce, "Shi ya sayo shi Katsina, shi ya rubuta wanga da hannunai." Ta biya ni, ta ƙulle shi a bakin mayafi, ta tafi.

To, Malam Edita, a wane shafin intanet za a samo wannan? Wanda ke neman Mamman Shata, da ya rasu a 1999, ko Musa Ɗanƙwairo, da ya riga shi a 1991, zai samu da yawa daga waƙoƙinsu a waya, don su manya ne, gidajen rediyo da kamfanoni sun ɗauke su. Amma ƙasar nan cike take da makaɗan da ba su taɓa taka ɗakin ɗaukar murya ba. Akwai makaɗan noma da ke bin gayya a ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, akwai zabiyoyin biki, masu garaya da goge, masu kirarin 'yan kokowa tun zamanin su Kantu da aka fara gasar takobi a 1975, ga malaman da suka yi tafsiri a zaurukansu cikin azumi shekara da shekaru. Wanda ya ɗauke su wani bawan Allah ne da ya sayi batir shida ya ajiye rakodarsa a gefen tabarma. Sau da yawa kwafi ɗaya tak ke akwai a duniya, yana cikin adaka ko kwalla a ɗakin wata tsohuwa. Mai irin wannan kaset ba shi da wata ƙofar da zai bi ya ji muryar mutanensa sai rakodarsa. Yaya za a ce masa ya ƙi zamani?

Su ma waɗanda ke cikin intanet ɗin, aro ne. Wannan ita ce maganar da na fi so matasa su ji. Spotify, dandalin jin waƙa na intanet da aka kafa a Suwidin, ya iso Nijar da Najeriya a 2021, kuma na ga yadda yake a wayar ɗana. Abin sha'awa ne, ban raina shi ba. Amma waƙar da ke ciki ba taka ba ce. Kana ji ne muddin kana da mega, muddin akwai rezo, wato sabis ɗin waya, muddin kamfanin bai cire ta ba, in kuma na biya ne, muddin kana biya duk wata. Ranar da ɗaya daga ciki ya yanke, hannunka wayam. Kayan aro ba ya rufe katara. Kada kuma a ɗauka manyan kamfanoni ba sa ɓatar da ajiya. A 2019 shafin MySpace ya fito ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya rumbun ajiya, miliyoyin waƙoƙi, aikin shekara goma sha biyu. Haƙuri kawai aka ba masu su. Faifan da na saya dala ɗari, wato sefa 500, yau kusan shekara ashirin, yana nan a kan kanta, ban ƙara biyan ko dala a kansa ba, kuma in na kwanta dama 'ya'yana za su gada.

Na san za a ce ai mu nan memori aka fi amfani da shi, kuma memori a hannunka yake. Haka ne, shi ne ma ainihin abin da ya karya kasuwar CD a Maradi: ka miƙa ɗan katinka a cika maka shi da ɗaruruwan waƙoƙi, ka tura wa abokinka ta Xender. Amma ku tambayi duk mai gyara yadda memori ke mutuwa. Ba ya jinya. Jiya yana aiki, yau waya ta ce sai an goge shi kafin ta karɓe shi, shi ke nan. Na sha ganin magidanci tsaye gabana da ɗan abu kamar farce a tafin hannu, yana roƙo in fito masa da karatun mahaifinsa, ni kuwa ba ni da abin yi masa. Kaset yana ciwo kafin ya mutu. Murya za ta fara rawa, ko ta dusashe, ya ba ka lokaci ka nemi magani. In ya tsinke a ɗaure, a rasa ɗan guntu, sauran suna nan. Faifan CD in ya karce, yawanci waƙa ɗaya ko biyu ke tsalle, sauran su wuce lafiya.

Abin da ya faru a 2023 ya isa ya tuna mana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO, wato ECOWAS, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu tun farkon Agusta. Mu nan Maradi da Damagaram layinmu daga Katsina yake zuwa, don haka mun ji a jikinmu. Ba siyasa na zo yi ba, abin da na gani a rumfata nake faɗa. Kuran, wutar lantarki ke nan, ya zama sai an yi sa'a. Wayoyi sun yi layi wurin masu caji da janareto, wanda ya samu ya cika tasa kuwa ba zai ƙarar da ita wajen jin waƙa ba, tattalinta yake don kiran 'yan uwa. A watannin nan, har zuwa bayan ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, rakodojin da aka kawo mini sun fi na shekarun da suka gabace su. Mutane sun shiga ɗakin ajiya sun kakkaɓo su, wasu da gidan zanzaro a cikin aljihun da ake sa kaset. Manyan batir huɗu ko shida, gida ya samu wa'azi da safe, waƙa da dare, labarai a tsakani. Da tsohuwar zuma ake magani, na ga hakan da idona. Da yawa cikinsu da wuta ta dawo ba su sake mayar da rakodar ɗaki ba.

Direbobi ma suna cikin masu zuwa. Motocin hannu da aka shigo da su daga Turai ta Kwatano da rediyonsu mai cin CD suke zuwa, wani lokaci har da faifan tsohon mai motar a ciki. Direban da ke bin hanyar Dakoro, ko mai yin kusan kilomita 240 zuwa Damagaram, ya san wuraren da rezo ke ɗaukewa kamar yadda ya san ramukan hanya. Faifansa shida a aljihun ƙofa sun ishe shi zuwa da dawowa. Wani ya ce mini wayarsa ta kiran fasinja ce da masu kaya, ba zai haɗa ta da kiɗa ba.

Maganar daɗin sauti ba zan ja ta da nisa ba, don kunne ya bambanta. Lissafi ɗaya kawai zan bayar. Minti ɗaya na waƙa a faifan CD na asali yana cin kusan mega 10. Irin MP3 ɗin da ake turawa a kasuwa, minti ɗaya kusan mega 1 ne, wani ma bai kai ba. Dabarar ita ce na'ura ta zubar da abin da ta ga kunne ba zai lura da shi ba, kuma sau da yawa ba a lura ɗin. Amma wanda ya girma da jin kalangu na magana, ya san lokacin da makaɗi ya matse shi a hammata muryar ta hau, ya sake shi ta sauko, zai ji an rage wani abu, balle a ce ta lasifikar waya ake ji, wadda ba ta fi ƙwayar gujiya ba.

Abin da ya fi damuna da waƙar waya shi ne ba ta da suna. Ka duba wayar kowane yaro, za ka ga AUD da jerin lambobi, ko sunan da mai turi ya ga dama ya sa. Kwanan baya yaron shagona na jin wata tsohuwar waƙar noma, na tambaye shi wa ke yi, ya ce wani tsoho ne. Ɗan wane gari? Bai sani ba. Wa ake yi wa waƙar? Bai sani ba. Waƙar Bahaushe kuwa rabinta sunaye ne, na mutane da garuruwa da gidaje, in an raba ta da mai ita da wanda aka yi wa, ta zama marainiya. Faifai da rigarsa yake zuwa, ga hoton mawaƙi, ga sunansa, ga jerin waƙoƙi da kamfanin da ya buga, wani lokaci har shekara. Ko kaset ɗin gida ne, mai shi kan rubuta wani abu a jiki.

Mahaifina yana cikin masu awon gyaɗa lokacin da Maradi ke tashe da ita. Daga Kano ya sayo garmaho, irin mai hannun da ake juyawa, da allurai cikin ɗan gwangwani. Faifansa baƙaƙe ne masu nauyi, masu juyi 78 a minti, kowane gefe minti uku da 'yan kai, in ya faɗi ya fashe kamar kasko. Daga baya ya sayi mai batir da ke cin masu juyi 45 da 33. Sunan ma da Bahaushe ya ba abin daga ɗakin iyayenmu mata ya ɗauko shi, faifan da ake rufe ƙwarya da shi, zagayayye, saƙarsa zobe-zobe kamar layin da allura ke bi.

Ba a kunna shi sai bayan la'asar. Baba zai wanke hannu ya goge, ya zaro faifan daga rigarsa ya riƙe shi ta gefe da tafukan hannu biyu, ya hure ƙura, ya aza allura. Maƙwabta sun riga sun cika zaure. Da allura ta sauka ba mai magana. In mawaƙi ya yi wani habaici mai nauyi sai ka ji dattawa sun yi gyaran murya, wani ya ce, "Alhaji, a maido wurin ga." Mu yara muna bakin ƙofa. A nan na ji sunayen sarakunan Katsina da Gobir da ban koya a lakkol ba, a nan na fara bambanta zambo da habaici. In gefe ya ƙare sai an tashi an juya, a ɗan tsakanin nan ake tattauna abin da aka ji, wani ya ce ga wanda mawaƙin ke nufi, wani ya ce a'a.

Yau in na bi ta fadar samari da dare, shayi na kan wuta, mutum takwas na zaune, kowa da abin kunnensa, kowa da tasa waƙar. In ma an sa a akwati ɗaya, ba ta minti guda wani ya kai hannu ya sauya. Ban ga laifinsu ba, abin da ke hannunsu haka aka ƙera shi, kullum yana miƙo maka wata waƙar kafin ka gama wannan. Amma waƙoƙinmu na gargajiya ba a gina su don haka ba. Makaɗin fada zai fara da sunan Allah, ya bi asalin ubangidansa kaka da kakanni, 'yan amshi na karɓa, sai can bayan minti goma ko sha biyar ya iso inda ya nufa. Wanda ya tsallake farko ba zai gane ƙarshe ba. Kaset mai minti 45 a kowane gefe yana koya wa mutum haƙuri, don ko ka so tsallakewa batir ɗinka za ka ci. Akwai masu zuwa wurina da suka gaya mini ƙarara saboda wannan suke kunna faifai, su zauna su ji abu ɗaya har ya ƙare. Cikinsu akwai wani matashin malamin makaranta wanda wayarsa ta fi tawa tsada nesa ba kusa ba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, inda ba su san ɗaukewar wuta da tsadar mega irin tamu ba, an sayar da baƙin faifai mai allura kimanin miliyan 41 a 2022, ya zarce CD a yawa karon farko tun 1987. Su da komai ke cikin wayarsu, me ya mayar da su? Ina jin ba ya rasa nasaba da abin da ya sa Hajiyar Tibiri ta ƙi tashi sai da kaset ɗinta a hannu. Neman ma har nan ya iso. Wani saurayi ya taɓa zuwa daga Yamai yana bin masu gyara rumfa-rumfa, yana tambayar tsofaffin faifai, ya ce akwai masu saye a Turai. Ya ga na Baba guda goma sha huɗu da suka rage, ya yi tayin kuɗin da ya fi abin da nake samu a wata. Na ba shi ruwa ya sha, na ce ya yi haƙuri. Ban zarge shi ba, sana'arsa yake yi. Amma na tuna ranar da jikana zai nemi waƙar ƙasarsa ya tarar tana wani ɗaki a Faransa ko Jamus, sai na ji ba zan iya ba.

Ba zan ɓoye aibin kayan nan ba, ni ne mai jinyarsu. Zafin Afrilu da Mayu a ɗakin kwano yana lanƙwasa baƙin faifai har allura ta kasa zama a kansa. Ƙurar hunturu na rufe idon injin CD ya daina gani. Faifan CD da aka juye a kasuwa, mai shuɗi ko koren ciki, ba ya kai na kamfani rai, wasu shekara kaɗan suke yi su daina karantuwa. Gara na cin riguna. In kuma za a faɗi gaskiya, da yawa daga abin da aka sayar a kasuwanninmu kwafi ne da mawaƙi bai ga ko dala a kai ba. Zalunci ne tun a lokacin, kuma turi a memori ƙara shi ya yi.

Abin da ya sa na rubuto, bayan martani, roƙo ne. Rubutu irin wanda kuka buga, in yaro ya karanta, gobe zai share ɗakin kakarsa ya zubar da kwalin kaset a bola da zuciya ɗaya. Ana yi kuma, ina gani. Gab da kaka in ka fita bayan gari za ka ga zaren kaset an ja shi tsakanin karan gero yana walƙiya don korar tsuntsaye, ka ga faifan CD an ɗaure a bayan amalanke don fitilar mota ta haska shi. Duk sanda na ga zaren nan na kaɗawa a iska sai in ce a raina ko muryar wa ce.

Ina roƙon duk mai irin kayan nan a gida kada ya zubar kafin a saurara. A ajiye su a tsaye cikin inuwa, nesa da rufin kwano, nesa da bayan lasifika, don maganaɗisun da ke ciki na ɓata kaset. Sau ɗaya a shekara a naɗe kaset daga farko zuwa ƙarshe don kada zaren ya manne. CD a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagayensa. A juye a memori, a juye a kwamfuta, har a ɗora a intanet ɗin in masu shi sun yarda, ni ma ina yi wa mutane, amma a bar na asalin. Sannan a zauna da tsofaffi tun suna da rai su faɗi wa ke waƙar, a wane gari, bikin wa, wace shekara, a rubuta a jiki.

Muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a garin nan, muna da gidajen rediyo, a Yamai kuma akwai cibiyar CELHTO da aikinta ke nan, tattara tarihin baka. Da za a samu ɗalibai kaɗan su bi unguwanni, Bagalam, Mokoyo, Maradawa, Ɗan Gulbi, su shiga ƙauyuka, su juye abin da suka samu su mayar wa masu shi kayansu, da an tsirar da abu mai yawa. Injinan da za su karanta kaset ɗin ne ke ƙarewa. Kayan gyaransu ba a kawowa yanzu, daga matattu muke cirewa mu sa wa masu rai, mu masu gyaran kuma a kasuwar nan ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ba. In an tashi aikin, ni da teburina muna nan, ba sai an biya ni ba.

A ƙarƙashin teburin akwai wani kwali da kaset goma sha ɗaya da na tarar cikin rakodojin da masu su suka kawo gyara ba su dawo ba, wasu tun kafin karyewar sefa a 1994. Ɗaya tafsirin Suratu Yusuf ne da muryar wani malami da ban gane ba, ɗaya kiɗan kokowa, ɗaya kuma wani mutum ne ke aiko wa matarsa saƙo daga Abijan, yana gaishe da kowa da suna, yana lissafa wa za a ba me cikin kuɗin da ya aiko. Duk bayan damina nakan fito da su in naɗe in mayar. Wanda ya san mahaifinsa ko wansa ya taɓa barin rakoda wurin mai gyara a babbar kasuwar Maradi, ya zo ya saurara, ko zai gane murya.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Mai gyaran rediyo da rakoda,
Maradi, Jamhuriyar Nijar.